Kaskon Ruwa Da Kallon Tsuntsaye A Tsakar Gida

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, darasinmu na wannan karo a kan tsuntsaye ne. Mun sani, in aka ambaci tsuntsu, abin da ke fara faɗo wa manomi a rai shi ne ɓarna. Wanda ya taɓa wuni bisa rumfar gona yana kaɗa gwangwani, yana ihu har murya ta dushe, ba ya bukatar a faɗa masa abin da jan baki ke yi wa hatsi da dawa. Amma masana sun ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 500 a ƙasarmu Nijar. Masu faɗa wa amfanin gona a cikinsu ƴan kaɗan ne. Sauran fa, me suke ci? Wa suke yi wa aiki? Manomin da bai san amsar ba yana iya kashe ɗan ƙwadagonsa da hannunsa, yana tsammanin ɓarawo ya kashe.

Hanyar sanin amsar ba ta da wuya. A jawo tsuntsaye kusa, a zauna, a dube su da kyau. Akwai ƙasar da mutanenta suka daɗe suna yin haka, har abin ya zama musu al'ada. Za mu fara da labarinsu, mu ga abin da suka samu da inda suka yi tuntuɓe, sa'an nan mu dawo gida.

Al'adar mutanen Amurka

A ƙasar Amurka, mutane fiye da miliyan 50 ne ke ajiye wa tsuntsayen daji abinci a gidajensu. Wato sun fi dukan jama'ar Nijar yawa, nesa ba kusa ba. Sukan rataya ɗan akwati ko gwangwani mai ƙofofi a reshen icce ko a kan sanda, daura da taga. Su zuba masa tsaba: wani irin hatsi, da ɓarzajjiyar masara, da gujiya, da ƴaƴan wani fure da ake tatsar mai daga gare su. Sun fi yin haka lokacin ɗari, sa'ad da ƙanƙara ta rufe ƙasa, tsuntsu ya rasa abin kalaci. Ba su kama tsuntsayen, ba su cin su. Kallo kawai suke yi. Tsohon da ya bar aiki, da majinyacin da ba ya iya fita, da yara kafin su tafi makaranta, kowa yana da rabonsa a wannan kallo.

Tsuntsun da ya fi ɗauke musu hankali wani ɗan mitsitsi ne da ake kira kolibiri da Faransanci. Ba shi da suna da Hausa, domin babu shi a Afirka, babu shi a Turai, babu shi a Asiya. A nahiyar Amurka kaɗai yake, daga arewacinta har kudancinta, kuma ya fi iri 350. Mafi ƙanƙanta a cikinsu yana tsibirin Kuba. Tsawonsa, daga baki har wutsiya, santimita 5 zuwa 6 ne. Nauyinsa kamar giram 2. Ku ɗauki ƙwayar sukari guda, irin wadda muke jefawa a shayi, ku raba ta biyu. Rabin nan ya kai nauyin tsuntsun.

Wanda aka fi gani a gabashin ƙasar Amurka yana da nauyin giram 3 ko fiye kaɗan. Bayansa tsanwa ne mai sheƙi. Namijin yana da jan maƙogwaro, in rana ta haska shi sai ka ce garwashi. Yana kaɗa fukafukansa kamar sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya. Ido ba ya iya ganin fiffiken, sai dai kunne ya ji ƙugi irin na ƙudan zuma. Da wannan kaɗawa yake tsayawa cak a iska a gaban fure, ba tare da ya sauka a reshe ba. Ya zura dogon bakinsa, ya lashe ruwan zaƙin da ke ciki, sa'an nan ya ja da baya yana tashi. Tashi da baya-baya kuwa sana'arsa ce, sauran tsuntsaye ba su ƙware a kanta ba.

Wannan aiki yana cin ƙarfi. Zuciyar mutum baligi tana bugawa kamar sau 70 a minti. Ta kolibiri, in yana tashi, takan kai sau 1200. Saboda haka ba ya jimre yunwa. Bayan kowane minti 10 ko 15 sai ya nemi abin sha, kuma ruwan furen da yake sha a yini ya fi nauyin jikinsa. Yana haɗawa da ƙananan ƙwari da gizo-gizo, domin zaƙi kaɗai ba ya gina jiki. In dare ya yi sanyi ƙwarai, sai ya saki jikinsa ya yi sanyi shi ma, zuciyarsa ta rage gudu, ya maƙale a reshe kamar matacce. Da hantsi ya ɗumama, ya farfaɗo, ya koma neman fure. Macen ce kaɗai ke gina sheƙa. Tana ɗinke ta da yanar gizo, faɗinta bai wuce bakin ɗan kofin shayi ba. Ta yi ƙwai biyu, kowane kamar ƙwayar wake.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne tafiyarsa. In sanyi ya gabato, yakan bar Amurka da Kanada ya nufi Meziko da ƙasashen da ke kudu da ita. Wasu suna bin gaɓar teku. Wasu kuwa suna ratsa tekun kai tsaye, kilomita 800, babu wurin sauka, babu abin sha. Wannan ya zarce nisan Yamai zuwa Maraɗi, ya kusa kai nisan Yamai zuwa Damagaram. Tafiyar kan ɗauki kamar awa 20. Kafin ya tashi, sai ya yi ta ci har nauyinsa ya kusa ninkawa, kitsen nan shi ne guzurinsa. Masu bincike sun sa wa wasu ɗan zobe mai lamba a ƙafa, suka tarar da yawa suna komowa gidan da suka sha ruwa bara.

Don su jawo shi, masu gida sukan rataya kwalba mai jan gindi, mai ƙananan huji. A ciki suna zuba ruwan sukari: awo ɗaya na farin sukari, awo huɗu na ruwa. Ba a sa zuma, domin tana saurin lalacewa in ta haɗu da ruwa. Ba a sa launi. Ɗan tsuntsun nan kuma, duk da ƙanƙantarsa, mafaɗaci ne. Namiji ɗaya yakan kama kwalba ya hana kowa, ya wuni yana korar ƴan'uwansa. Shi ya sa masu dabara ke rataya kwalba biyu, ɗaya a gaban gida, ɗaya a baya, yadda ba zai iya tsare su duka ba.

Inda alheri ya zama cuta

Tara tsuntsaye wuri ɗaya yana da nasa haɗari. Inda baki da yawa ke ci a akushi ɗaya, cuta ba ta wahalar samun hanya. A shekarar 1994 aka fara ganin wani ciwon ido a jikin wasu ƙananan tsuntsaye a gabashin Amurka. Idanu su kumbura, su rufe, tsuntsu ya kasa ganin abinci. Ciwon ya bazu ƙwarai, kuma wuraren ciyarwa sun taimaka masa. A Ingila, daga 2005, wata cutar maƙogwaro ta kashe fiye da rabin wani tsanwan tsuntsu mai cin tsaba, ita ma ta hanyar abinci da ruwan da masu ciwo suka gurɓata.

Abin bai tsaya ga tsuntsaye ba. A 2021, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin mutane 29 a jihohi 12 da suka kamu da zawo da zazzaɓi. An kwantar da 14 a asibiti. Da aka bi sawu, sai aka tarar ƙwayar cutar daga tsuntsayen daji take. Da yawa daga cikin majinyatan sun taɓa akwatin ciyarwa ko mushen tsuntsu. Ruwan sukari ma, in ya kwana biyu ko uku cikin zafi ba a sake shi ba, yakan yi tsami ya yi funfuna, ya cuci wanda aka yi don shi. Mu riƙe wannan, za mu bukace shi an jima.

Amfanin ƙidaya

Ribar da ta fi girma a wannan al'ada ita ce rubutu. A da, wasu mutanen Amurka sukan fita ranar Kirsimeti su yi gasar harbi, wanda ya fi tara gawar tsuntsaye da dabbobi shi ya ci. A 1900 wani masanin tsuntsaye mai suna Frank Chapman ya ba da shawara a daina harbi, a koma ƙidaya. Mutum 27 suka amsa kiransa a shekarar farko. Har yau ana wannan ƙidaya kowace shekara, masu yin ta sun kai dubbai. Daga 1987 kuma aka kafa wani tsari a Amurka da Kanada, inda masu ciyar da tsuntsaye ke rubuta abin da suka gani ta tagarsu daga Nuwamba zuwa Afrilu, su aika wa masana. Yawancinsu ba su yi karatun tsuntsaye ba. Ido ne da haƙuri da alƙalami.

Da irin waɗannan rubuce-rubuce aka gano a 2019 cewa tsuntsayen Amurka da Kanada sun ragu da kusan biliyan 3 tun daga 1970. Wato a cikin kowane huɗu, fiye da ɗaya ya ɓace. Mutum ɗaya ba zai taɓa lura da wannan ba, domin raguwar a hankali take zuwa. Da su kuma aka ga wani irin kolibiri, wanda a da ba ya wuce kudancin Kalifoniya, ya hau arewa har Kanada, yana bin furannin lambu da kwalaben sukari.

Akwai wata ƙidayar da ta shafe mu kai tsaye. A 1969, masu ƙidayar tsuntsaye na sa kai a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai komo yadda ya saba ba. Kusan kashi 70 cikin 100 sun ɓace cikin shekara ɗaya. Da aka bincika daga baya, sai aka gane dalili. Tsuntsun yana ƙetare hamada ne ya yi rani a yankinmu na Sahel. Damanar 1968 ba ta yi kyau ba, ƙwari da ƴaƴan itatuwa suka yi ƙaranci, tsuntsayen suka mutu kafin su koma. Ashe alamar farinmu ta isa Ingila tun kafin yunwar 1973 da 1974 ta cika rediyo. Cikin ƙananan tsuntsayen da muke gani a kan ƙaya da rani, wasu baƙi ne daga Turai.

Mu kuma fa?

Ba mu ce kowa ya buɗe rumbu ya zuba wa tsuntsaye hatsi ba. Hatsin da ke rumbu na iyali ne, kuma a shekaru da yawa ba ya kai mu sabon kaka. Ba mu ce a sayi sukari a jiƙa ba. A zafinmu zai yi tsami kafin la'asar, ya tara kiyashi da ƙudan zuma. Abin da ya dace da Amurka daban, abin da ya dace da mu daban. Can sanyi ne ke kashe tsuntsu, nan ƙishirwa ce.

Daga Maris zuwa faɗuwar ruwa, tabkuna sun ƙafe, zafi yakan wuce digiri 45. Tsuntsu ba ya yin gumi. In zafi ya dame shi sai ya buɗe baki yana haki, ya saki fukafukai. Masu cin busasshiyar tsaba, kamar kurciya, sai sun sha ruwa kullum. A wannan lokaci, kasko ɗaya na ruwa ya isa ya kawo muku tsuntsayen unguwa duka har tsakar gida. Abin ma ba baƙo ba ne gare mu. A garuruwa da yawa akwai tsofaffin da ke ajiye ruwa a gindin icce don tsuntsaye, da niyyar sadaka. Abin da muke ƙarawa shi ne tsabta, da lura, da rubutu.

A samu kasko, ko gindin fasasshiyar tukunya mai faɗi. Na ƙasa ya fi na ƙarfe, domin ba ya ɗaukar zafi. Zurfin ruwan kada ya wuce faɗin yatsa biyu ko uku, don kada ƙananan su nutse. A sa dutse a tsakiya wanda kansa ya fito, ya zama wurin sauka. A ɗora kaskon a inuwa, bisa kututture ko tsohon turmi, inda kaji da awaki ba su kaiwa. Ya kasance kusa da icce, domin tsuntsu yana son ya sauka a reshe ya duba kafin ya sha. Amma kada a manna shi da dangar kara ko tarin itace, inda mage za ta laɓe. Kwana biyu ko uku na farko mai yiwuwa ba wanda zai zo. A yi haƙuri. Da zarar ɗaya ya sha, sauran za su biyo.

Sai maganar lafiya, wadda ita ce ta fi muhimmanci. Kowace safiya a zubar da ruwan jiya, a goge kaskon da soso, a zuba sabo. Dalili na farko sauro ne. Yana yin ƙwai cikin ruwan da ke kwance, kuma cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ƙwan ya zama sauro mai cizo. Kaskon da ake juyewa kullum ba ya haifar da sauro. Wanda aka manta da shi kuwa gidan masassara ne. Dalili na biyu shi ne abin da muka gani a Amurka da Ingila. Soson kaskon ya zama nasa shi kaɗai, kada ya shiga kwanonin abinci. Wanda ya wanke kaskon ya wanke hannunsa da sabuni. Kada yara ƙanana su yi wasa da ruwan.

Kaji da zabi da agwagi su sha a nasu wuri dabam. Ba mu manta da Fabrairun 2006 ba, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye a Magarya, cikin jihar Damagaram. Cutar ta fi bin cinikin kaji daga kasuwa zuwa kasuwa, amma tsuntsayen daji ma suna iya ɗaukar ta, musamman na ruwa. In kun ga tsuntsu ya kumbura gashi, ya kasa tashi, ko kun tsinci mushe kusa da kasko, kada a taɓa shi da hannu, kada a ba yara su gasa. A ture shi da sanda a rami, a binne. A ɗauke kaskon na mako biyu. In mushen ya yi yawa, ko kaji sun soma mutuwa, a gaggauta sanar da ma'aikatan kiwo. Yaran gida kuma a ja musu kunne. Wurin kasko ba wurin danƙo ba ne, ba wurin tarko ba ne. In aka harbi ɗaya a nan, sauran sun yi ban kwana.

Baki shi ke nuna sana'a

To, ga tsuntsaye sun zo. Me za mu duba? Mu fara da baki. Gajeren baki mai kauri na fasa tsaba ne. Siririn baki mai tsini na kama ƙwari ne. Dogon baki siriri mai lanƙwasa na shan fure ne. Baki mai ƙugiya na yagar nama ne. Wanda ya riƙe wannan, ko bai san sunan tsuntsu ba, ya san abincinsa.

Kurciya ce za ta fara zuwa. Ku lura da shanta: tana tsoma baki ta zuƙa a jere, kamar doki. Yawancin sauran sai sun cika baki su ɗaga kai sama, kamar yadda kaza ke yi. Baiwar Allah ma za ta zo, ƴar ja ɗin nan da ba ta tsoron mutane, mai sheƙa a bunun ɗaki. Abincinta ƙananan ƴaƴan ciyawa ne da ɗan tsakin da ya zube a gindin turmi, ba ta da laifi a gona. In kun ga wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi, mai farin baki, yana bin inda take, ku dube shi da kyau. Macensa ba ta gina sheƙa. A sheƙar baiwar Allah take zuba ƙwanta, a rena mata ɗa. Ɗan kuma in ya girma namiji ne, kukan uban riƙonsa yake kwaikwaya.

Muna da namu mai shan fure, wanda ake kira sha-kauci. Ƙarami ne, namijin yana da tsanwan gashi mai sheƙi, wasu da doguwar wutsiya kamar zare biyu. Wanda bai sani ba zai ce ƙanen kolibiri ne. Ba dangi ba ne, sana'a ce ta haɗa su. Namu ya fi son ya kama reshe ya sha, ba ya daɗewa tsaye a iska. Shi ma da yanar gizo yake ɗinka sheƙarsa, tana reto a reshe kamar ƴar jaka. Ba ya bukatar kwalbar sukari. Zogale ɗaya a bayan ɗaki ya isa ya kawo shi, ga ganye kuma na miya. Garin fure yakan manne masa a kai, ya kai shi wani furen, ta haka icce ke yin ƴaƴa. Sai dai ba dukan aikinsa ne ke yi mana daɗi ba. Shi ne ke yi wa kauci wannan hidima, kauci kuwa yana tsotse icce. In ya hau iccen da kuke so, a sare reshen da ya kama.

Alhudahuda yana soka dogon bakinsa cikin ƙasa yana zaƙulo tsutsa. Cilakowa, da damana, fara da ƙwari take bi. Balbela na bin shanu tana cafke farar da suka tayar. Shamuwa kuwa, wadda ke sauka kan itatuwan gari gab da damana, babban abincinta fara ne da tsutsa, kuma da su take ciyar da ƴaƴanta har su tashi. In kaka ta yi, sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Mujiya, da mutane ke jifa saboda camfi, ɓeraye take ci, waɗanda ke huda mana rumbu. Har masu cin tsaba irin su gwara da marai, in sun ƙyanƙyashe, da tsutsa da ƙwari suke ciyar da ƴaƴansu.

Ƙasar Sin ta gwada kashe masu cin tsaba gaba ɗaya. A 1958 hukuma ta sa jama'a su hallaka gwara, don tana cin shinkafa da alkama. Aka kashe miliyoyi. Sai fara da ƙwari suka samu sake, suka faɗa wa gonaki. Yunwar da ta biyo baya tana da dalilai da yawa, amma wannan yana cikinsu. A 1960 aka janye umarnin.

Maganar jan baki

Wani zai ce: in na shayar da tsuntsaye da rani, ba ɓarayin kaka nake kiwo ba? Tambaya ce mai kyau, kuma ba za mu rufe ido ga ɓarnar jan baki ba. An ƙiyasta kowane ɗaya yana iya ci da zubar da kamar giram 10 na tsaba a yini. Mu yi lissafi: tsuntsu 100.000 sau giram 10, kilo 1000 ke nan. Buhu 10 na kilo 100 a yini ɗaya. Garken jan baki kuwa yakan kai miliyan.

Amma jan baki ba ɗan tsakar gida ba ne. Yana kwana ne cikin sarƙaƙiyar ƙaya da ciyayin fadama, yana sha a manyan tabkuna da gulabe, yana tafiyar kilomita da yawa a yini neman abinci. Asalin abincinsa ma ƴaƴan ciyawar daji ne. Garke irin wannan bai dogara da kaskon kowa ba. Maganinsa na gayya ne: maƙwabta su yi shuka lokaci ɗaya don kada gona ɗaya ta nuna ita kaɗai, a yi tsaro tare, a girbe da wuri in hatsi ya ƙosa, kuma in an gano inda suke kwana a sanar da ma'aikatan gona. Inda aka yi feshin magani, kada a tsinci tsuntsayen da suka faɗi a ci. Zuba guba a tsaba ko a ruwa kuwa, muna ganin babban kuskure ne. Guba ba ta tambayar sunan tsuntsu, kuma takan ƙare a cikin kaji, ko a hannun yaro.

Haka maganar sare itatuwan gona don kada tsuntsu ya samu masauki. Gaskiya ne zangarniyar da ke kusa da icce takan fi shan tsattsaga. Amma tun da aka fara sassaben zamani a jihar Maraɗi a 1983, manoman Nijar sun rena itatuwa kamar miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, kuma kowa ya ga yadda hatsi ke yi a gindin gawo. Reshen da marai ke sauka a kai, a kansa masu cin tsutsa ke sauka. Kafin a ɗauki gatari, a zauna safiya uku a ƙidaya su wane ne ke zuwa iccen, da abin da ke bakinsu.

Yadda za a rubuta

A ware kaye guda, wato ɗan littafin rubutu. A zaɓi rana ɗaya ko biyu a mako. Lokaci mafi kyau shi ne bayan fitowar rana, ko bayan la'asar. A zauna nesa da kasko kamar taki goma, ba motsi, ba surutu, na minti 15. A rubuta kwanan wata, da sunan tsuntsu, da yawansa. Masu ƙidaya na Amurka suna da wata ƙa'ida da ya kamata mu ara. In kun ga kurciya 3, an jima kuka ga 5, kada ku rubuta 8. Ku rubuta 5, wato adadi mafi yawa da kuka gani a lokaci ɗaya, domin mai yiwuwa ukun farko ne suka komo da wasu biyu. Ga misali:

Talata, 14 ga Afrilu, da safe. Kurciya 5. Baiwar Allah 4. Gwara 7. Sha-kauci 1, a kan zogale.

Wanda ba ku san sunansa ba, ku rubuta kamanninsa: girmansa in an gwada da kurciya, launinsa, da irin bakinsa. Sa'an nan ku tambayi tsofaffi da mahalba da makiyaya. Sunaye da yawa suna bakinsu waɗanda ba su shiga kowane littafi ba, kuma suna kan bambanta daga Gobir zuwa Adar zuwa Damagaram. A rubuta su duka.

A shafin ƙarshe na kaye a buɗe wuri na dabam don abubuwan da ke faruwa sau ɗaya a shekara: ranar da aka ga shamuwar farko, ranar ruwan farko, ranar shuka, ranar da aka fara ganin garken jan baki da inda ya fito, da ranar da shamuwa ta tafi. A shekara ɗaya wannan ba zai nuna kome ba. In ya kai shekara biyar, gari zai iya duba ko kwana nawa ke tsakanin isowar shamuwa da ruwan shuka a wurinsu, da makon da ya kamata a fara tsaron gona.

In damana ta zauna, ruwa ya samu ko'ina, aikin kasko ya ƙare, kuma lokacin ne sauro ke yawa. Sai a wanke shi, a shanya, a kife shi a ɗaki har Maris mai zuwa.